Indiyar da ban gani a fim ba

Ina ɗan shekara 16 Baba ya ce in shirya, zan raka shi Indiya saro kaya a hutun ƙarshen shekara. Duk sanin da na yi wa ƙasar a fim ne: furanni, ruwan sama, rawa a kan koren tsauni. Delhi dai hon ne da hayaƙi da cunkoso. Abokin cinikin Baba ne ya kafe sai mun je garinsu, Jaisalmer, can yammacin jihar Rajasthan wajen iyakar Pakistan.

A jirgin ƙasa muka kwana. Gari na wayewa na leƙa taga, sai rairayi da ƙaya da awaki. Na ce, "Baba, anya Indiya muke?" Ya yi dariya ya ce wannan ita ce hamadar Thar.

Tun daga nesa ake hango ganuwar garin bisa tudu, an gina ta da dutse ruwan ɗorawa. Sarki Rawal Jaisal ne ya kafa ta a 1156, kuma har yau mutane na zaune a ciki da shagunansu da wuraren ibadarsu. Sai ka raɓe jikin bango saniya ta wuce, ba mai ce mata uffan.

Amma abin da ya tsaya mini a rai yana wani ƙauye kusa da tuddan rairayin da ake kira Sam, kimanin kilomita 40 daga gari, inda muka isa a kan raƙumi. Uwar gidan da ta sauke mu ta ja mayafi ta rufe fuska, fararen awarwaro tun daga wuyan hannu har damtse. Ta ɗebo ƙulli tana faɗaɗa shi tsakanin tafukanta, ta ɗora a kaskon ƙasa. Ƙamshin kawai na ji na gane gero ne, su suna ce masa bajra. Ta kawo raab, garin gero da aka dafa da tsala, ɗan'uwan furarmu sak sai dai da gishiri. Na shanye na miƙa kwano aka ƙara mini.

Da dare sanyi ya sauko kamar ba hamada ba. Mawaƙan Manganiyar suka zo, Musulmi ne da suka gaji yi wa iyalan Hindu waƙa kaka da kakanni. Da babbansu ya ji sunana sai ya yi mini sallama, na amsa da ƙarfi.

Da safe yaron gidan, sa'ana, ya ɗaga murfin wani rami da aka shafe cikinsa a tsakar gida. Tanka suke ce masa. Ruwan damina suke tarawa a ciki, shi za su yi ta lallaɓawa har wata daminar. Ya zura guga a hankali, ya jira ɗigon ya koma ciki kafin ya matsar da ita. Kwanukan da muka ci abinci kuwa da rairayi ƙanwarsa ta goge su, suka fita tas.