Yadda rizista biyu suka sa kwamfutar birki ta amsa

Kwana biyu na yi ina fama da kwamfutar birkin ABS (tsarin da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki) da na ciro daga mota na ɗora a kan teburin aiki. Wuta na shiga, wayoyin CAN-H da CAN-L, waɗanda kwamfutocin mota ke aika wa juna saƙo ta cikinsu, na haɗa su daidai, gudun layin ma na saita shi a kilobit 500 a daƙiƙa, amma na'urar bincike in ta gan ta sau ɗaya sai ta rasa ta sau biyar. Har na fara zargin ta ƙone.

A rana ta uku na yanke wuta, na ɗora mita tsakanin wayoyin biyu. Om 60 (om shi ne ma'aunin turjiyar da wuta ke fuskanta) ya kamata in gani, sai ga dubbai. Ashe a cikin mota akwai rizista (ɗan ƙaramin abin da ke rage gudun wuta) mai om 120 a kowane ƙarshen layin, su biyun a haɗe ne ke ba da 60, kamar yadda ƙa'idar ISO 11898-2 ta tanada, kuma galibi a ɓoye suke cikin wasu kwamfutocin. Wadda na ciro ba ta da ko ɗaya, na'urata ma haka.

Da ma na san saƙo idan ya iske bakin waya a buɗe yakan dawo kamar amsa-kuwwa ya gurɓata na bayansa, kuma hana wannan shi ne aikin rizistocin na farko. Abin da ban lura da shi ba shi ne aikinsu na biyu. Lokacin da kwamfuta ke magana tana ɗaga CAN-H zuwa wajen bolt 3.5, ta sauke CAN-L zuwa 1.5. Da ta saki, rizistocin nan ne ke maido wayoyin su haɗu a 2.5 nan take. In babu su, komowar sai ta yi nawa, ko da wayar ba ta kai kamu ɗaya ba.

Na murɗe wayoyin tare, na liƙa rizista ɗaya a kowane ƙarshe da dalma. Mita ta nuna 60, kwamfutar ta amsa ba gargada.

Daga baya na yi wani kuskuren da ya ba ni haushi ƙwarai. Na jona wayar gwajin nan a soket ɗin OBD na mota, inda ake jona na'urar bincike, ƙafa ta 6 da ta 14, na manta rizista ɗaya a jikinta. Layin ya faɗo om 40, nauyi ya ƙaru a kan kwamfutocin ba gaira ba dalili. Yanzu kafin in ƙara komai sai na cire batir na auna. Idan na ga 120, ina bin wayar ne in nemo inda ta tsinke tukuna.