Yis a cikin jini: a san sunansa kafin a sayi magani

Ni ma'aikacin lab ne a Gombe, ɓangaren ƙwayoyin cuta, kuma har gobe raina na ɓaci in na ga takardar sakamako an rubuta "Candida" kawai an tsaya, ba a faɗi wace iri ba. Candida yis ce, wato wani nau'in fungas, kuma iri-iri ce.

Wani matashi ne taifot ya huda wa hanji. An yi masa aiki, an zura masa roba a babbar jijiyar wuya, ana ta ɗura masa antibayotik masu ƙarfi, zazzaɓi ya ƙi sauka. Da kwalbar kalcar jininsa, wadda muke renon ƙwayoyin cuta a ciki don mu gane su, ta nuna alama na duba, sai ga yis yana toho. Ban jira takarda ba, na taka har wod. Babban likitan ya ce, "Malam, anya ba datti ne daga fata ba?" Na ce, "Ranka ya daɗe, yis a jini ba a ɗaukarsa datti. Kalca ma kusan rabin masu cutar take kamawa." Ya gamsu, aka fara maganin fungas, fulukonazol, ta jijiya.

A nan aka yi asarar. Kowa ya saki jiki, tunda an ce fungas ne kuma ga maganin fungas. Amma wane fungas? Gwajin da muke iyawa nan take, na sa yis a ruwan jini awa biyu zuwa uku, ya nuna ba Candida albicans ba ce. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Faranti mai launi da ke rarrabe su ya ƙare mana, na awon jin magani kuwa dama babu. Sai da na roƙi wani abokin karatuna a Jos ya aiko ta mota. A kan farantin albicans kan fito kore, tropicalis shuɗi. Tamu ta fito ruwan hoda, busasshiya, shimfiɗe: Candida krusei. Ita wannan haka halittarta take, fulukonazol ba ya taɓa ta ko an ninka shi.

Duk kwanakin nan mahaifin yaron yana sayen fulukonazol kwalba bayan kwalba. Tumaki ya sayar. Kullum ya tare ni a baranda, "Ɗana, jinin ya yi kyau?" ni kuwa sai dai in ce, "Baba, a ci gaba da addu'a." Ruwa ake zubawa a kwando, kuma faranti guda ne da zai hana.

Maganin da aka fi so a fara da shi, irin su kasfofunjin, an zaga kemis-kemis na gari ba a samu ba. Aka koma amfoterisin B, mai wahalar da ƙoda da zubar da fotasiyam, don haka kullum jininsa na wurinmu. Aka cire robar wuyan, wadda yis ke manne wa ya yi gida, aka duba idanunsa. Ranar da kalca ta fito wayam, daga ranar aka fara ƙirga kwana 14 na magani, ba daga ranar da aka soma ba. Ya tashi da ƙafarsa, alhamdu lillahi.

Abokan aiki, krusei ma mai sauƙin ganewa ce. Candida glabrata ba ta cika jin fulukonazol ba. Candida auris, da aka fara bayyanawa a Japan a 2009, takan bijire wa magunguna da dama, tana rikita gwaje-gwajen da aka saba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a sahun mafi haɗari a jerinta na 2022. Yanzu duk yis da ya fito a jini, da bakina nake kai labari, in rubuta ƙarara cewa ba a tantance iri ba tukuna, kada a jingina da fulukonazol. Farantin nan kuwa na sa shi a jerin kayan da muke nema kowane wata, kuma ina bin sawu har ya iso.