Jirgin da Na Bari a Ruwa Shekara Huɗu

A watan Disamba na 2019 na kulle ƙofar jirgin ruwana a wata marina, wato matsayar ƙananan jiragen ruwa, da ke Plymouth, kudu maso yammacin Ingila, na taho Abuja da niyyar komawa a watan Afrilu. Ban sake taka shi ba sai a watan Maris na 2024, kuma har yau idan na tuna halin da na tarar da shi sai zuciyata ta sosu.

Jirgin ƙirar Westerly Centaur ne, mai tafiya da iska, tsawonsa ƙafa 26. An ƙera irinsa fiye da dubu biyu tsakanin 1969 da 1980, shi ya sa tsofaffinsu ke da araha, har na samu nawa a kan fam 3,500 ina dab da kammala karatu. Kwana biyu kafin tafiyata, wani dattijo da jirginsa ke maƙwabtaka da nawa ya ba ni shawarar in sa a ɗaga shi a ajiye a tudu, in cire filafilai, wato zannuwan da iska ke turawa, in kwance batir, ko kuma in sayar da shi kawai. Na duba kuɗin ɗagawa, 'yan ɗaruruwan fam, na ga kamar asara ce a kan tafiyar wata huɗu. Wannan lissafin ne ya jawo duk abin da ya biyo baya.

Korona ta zo, aka rufe filayen jiragen saman Najeriya ga tafiye-tafiyen ƙasashen waje daga watan Maris na 2020 har zuwa 5 ga Satumba. Kafin a buɗe na samu aiki a Abuja, aure ya biyo, bizata ta ƙare. Amma kuɗin matsaya bai tsaya ba, domin marina tana caji ne da tsawon jirgi, mita bayan mita, ko ka fita da shi ko ba ka fita ba, kuma nawa ya kusa mita takwas. Duk bayan wata uku sai in je wurin 'yan canji a Wuse Zone 4 in nemi fam. Da Babban Banki ya bar kasuwa ta yanke darajar naira a watan Yuni na 2023, fam ya yi ta hawa har ya kai kusan naira dubu biyu, abin ya fi ƙarfin albashina.

Wata rana a gidansa da ke Gwarinpa, yayana ya ga takardar biya a wayata, ya ce, "Ƙanena, wace dukiya ce wannan da kake ciyar da ita ba ka ganinta? Ka sayar ko da faɗuwa za ka yi."

Na ce, "Yaya, ai lafiyarsa ƙalau na bar shi, ba zan yi masa mugun ciniki ba."

Jirgin 2019 nake gani a raina, alhali ba shi ne a ruwa ba. Da na isa, tun daga nesa na lura ya nutse fiye da ƙa'ida. A wurin zaman matuƙi akwai 'yan ramuka biyu da ruwan sama ke bi ya fita. Ganye, gansakuka da kashin tsuntsayen teku sun toshe su, ruwa ya taru ya tsallake dokin ƙofa ya shiga ɗaki. Akwai ɗan injin da ke zuƙe ruwa da kansa, amma batir ya mutu tuntuni, don haka ya yi shiru. Ma'aikatan wurin sun taɓa kwashe ruwan don kada jirgin ya nutse, sun kuma aiko mini da saƙo, ni ne na ɗauka ƙaramin abu ne. Da na buɗe ƙofa, warin fumfuna da ruɓaɓɓen dizal ya buge ni. Layin ruwa ya bar tabo a bango har gwiwata, katifu sun yi baƙi, injin kuwa ya sha ruwa ya ci tsatsa har ba ya juyawa. Filafilin gaba da na bari a naɗe rana ta cinye shi, ina ja yana yagewa kamar tsohuwar atamfa. Ramuka biyu ne fa, waɗanda yatsa ɗaya ke iya buɗewa! Da jirgin yana tudu a lulluɓe, an cire masa batir da filafilai, da mafi yawan wannan ɓarnar ba ta auku ba.

Ba nawa kaɗai ba ne. A layinmu na ƙirga jirage da dama da igiyoyinsu suka yi kore, ƙasansu ya cika da ciyawar teku. A nan na fahimci dalilin da ake barinsu. Jirgin katako ruɓewa yake yi, na ƙarfe kuma yana da masu saye, kamar yadda 'yan gwangwan ke sayen matacciyar mota a nan gida. Jirgin faiba irin nawa, wanda aka ƙera da roba mai tauri haɗe da zaren gilashi, ba ya ruɓewa, ba shi kuma da daraja a wurin mai gwangwan, kai ne za ka biya a farfasa shi. A 2019 Faransa ta fara wani tsari da ƙungiyar APER ke gudanarwa, wanda ke karɓar tsofaffin jiragen shaƙatawa ya wargaza su, amma a Ingila mai jirgi ne ke ɗaukar nauyi, shi ya sa mutum ke ci gaba da biyan matsaya yana jiran ranar da zai gyara.

Yanzu duk wanda ya tambaye ni, ina ce masa kada ya bar jirgi a ruwa ya ƙetare teku, ko da da tikitin dawowa a hannunsa, kuma idan shekara ta zagayo bai hau shi ba, ya sayar tun injin yana tashi. Ni dai a kan fam ɗaya na ba wani magidanci da ɗansa nawa, bayan na biya bashin marina da kuɗin ɗagawa, wanda shi ne dai na ƙi biya a 2019. Da na tara rasit-rasit a daren da na dawo Abuja, abin da na kashe a kan matsaya kawai ya ninka kuɗin jirgin fiye da sau uku.