Asabar, kayan balon Beljik sun iso

Kayan balon da Yaya yake ta yi mana bokal, wato saƙon murya, a kansu tun kafin damina yau dai sun shigo hannu. Da sassafe yaron tasha ya kira ni wai in zo da mai adaidaita, kwalaye ne manya da buhuna, babur ba zai ɗauka ba. Sun sha hanya kam, daga tashar Anbers ta Beljik a jirgin ruwa har Lome, daga can a mota ta Burkina zuwa Yamai, sannan kilomita wajen 900 zuwa nan Damagaram. Da can ta Kwatano ake bi, amma tun da aka rufe iyakarmu da Benin a 2023 komai sai ya yi wannan zagayen, kuɗin mota ya hau, kwanaki suka ƙaru.

Yaya a Beljik yake zaune, ɗansa na buga balo a wani ɗan kulob na unguwarsu, kuma su can yaro na girma takalmi ya matse shi sai a sayi sabo, tsohon yana nan lafiya lau an jefa shi ɗakin ajiya. Shi ne ya roƙi shugaban kulob ɗin aka ajiye kwali a bakin ƙofa, duk mai kayan da ya daina sawa ya zuba, za a kai wa yaran ƙauye a Nijar. Mutane suka zuba, Allah ya saka musu. Wasu ma sai da suka wanke takalman suka ɗaure igiyar ƙafa biyun wuri ɗaya don kar su rabu a hanya, wannan kam ya burge ni.

A zauren Kawu muka zube su a Birni, kan ka ce kwabo yaran fada sun cika ƙofa, kowa na leƙe. Kawu ya ɗauko kujerarsa ya zauna, ya ce ba mai taɓa komai sai an ware. Shi tsohon ɗan kallo ne, har yau in aka taɓo maganar balo sai ya kawo 1984, shekarar da Espoir ta nan Zinder ta zama zakaran ƙasa, ya ce lokacin mutum sai ya yi shekara da takalmi ɗaya ana kai wa baduku yana ɗinkewa.

To a takalman ne maganar take. Ƙafa 60 da ɗoriya ne, amma fiye da rabi lamba 43 zuwa 46, wato na ƙarti, alhali yaran da ake son ba wa mafi yawansu 34 zuwa 38 suke sawa. Sannan ga masu haƙoran ƙarfe irin wanda ake murɗawa a ɗaura. Waɗannan don filin ciyawa mai laushi aka yi su, ƙasar da ruwa ke sauka kusan kullum, haƙorin ya nutse ya riƙe mutum kar ya zame. Mu kuwa filinmu ko rairayi ko busasshiyar ƙasa mai tsakuwa, haƙorin ba ya shiga, sai ya zama mutum na tafiya kamar akuya a kan siminti, idon sawu ya gurɗe a banza, in kuma ka taka wanda ke wasa ba takalmi to sai likita. Kawu ya juya ɗaya a hannu ya ce "kai yaro, wannan in ka kai ƙauye ai rigima ka kai." Muka ware su gefe. Masu ƙananan haƙoran roba da yawa, irin na filin roba, su ne zinariyar kayan nan, kuma su ne suka fi kaɗan.

Mayo kuwa alhamdulillahi, akwai cikakken saiti biyu, ja da kore, da lambobinsu har na mai tsaron gida. Sai dai jan nan a ƙirji sunan kamfanin giya ne, har da hoton kofi mai kumfa. Wani cikin yaran fada ya ce wa zai karanta a ƙauye? Kawu ya harare shi ya ce ko ba a karanta ba ai mu mun sani, ba za a sa wa 'ya'yan mutane su shiga masallaci da shi ba. Aka tsaya kan tela zai ɗora farin ƙyalle a kai. Akwai kuma manyan rigunan sanyi masu nauyi da safar hannu ta ulu, da farko dariya muka yi, sai na tuna sanyin Disamba na tafe kuma 'yan kabu-kabu da masu gadi za su so su, to ba a yi asara ba, ba dai na balo ba ne.

Balo 7 ne kacal cikin kayan duka, an sace iskarsu don su shiga kwali, babu famfo babu allura. Abin da ya fi komai amfani kenan fa. Yara 22 za su yi wasa ba takalmi ba mayo, wasu su tuɓe riga wasu su bari an raba ekip, amma ba balo ba wasa. Sai da na je Kasuwar Dole na nemo ɗan famfo da allura da kuɗina. Ina can na ga takalman balo na gwanjo rataye a rumfa, irin waɗannan ɗin dai, wataƙila ma daga ƙasa ɗaya suka fito, sai na shiga lissafi a raina, kuɗin da Yaya ya kashe na jirgi da mota da duwan, da a ce nan ya aiko su, balo nawa za su saya? Da yawa wallahi. Amma kuma na san mutumin da zai ba ka takalmin ɗansa da murna in ka ce ya kawo kuɗi sai ya fara tambayar hannun wa za su shiga, kuma ban ga laifinsa ba.

Bayan azahar muka ɗau hanyar Mirya da saitin koren da balo 3 da duk ƙananan takalman, ƙauyen yana can gaba kaɗan an sauka daga kwalta. Malamin lakwal ɗin garin ne ya daɗe yana roƙona, shi ke tara yara da yamma. Muka fara gaida maigari, na ce ranka ya daɗe ga saƙon ɗan'uwanmu daga Turai na yaran gari, ya sa albarka, sannan ya ce abu ɗaya, kar a ba kowa a hannunsa. Ya ce in ka ba yaro takalmi ya kai gida, ranar kasuwa uban zai gan shi ya tuna ba hatsi, ko wan ya ƙwace ya tafi da shi ci-rani. A sa a akwatin ƙarfe a lakwal, makulli wajen Mushe, wato malamin, a fito da su ranar wasa a mayar. Ni ma haka na so in ce amma daga bakinsa ya fi nauyi.

Filin nasu gona ce. Da damina gero ake shukawa, sai an yi girbi an kwashe kara sannan su share su kafa itace biyu kowane gefe, shi ya sa gasar babban hutu da ake yi a birni su ba su cika samunta ba, lokacin suna noma. Kuma yanzu ne lokacin ƙarangiya da tsidau, gefen filin duk su ne, ga aduwa biyu a bayan itacen gefe ɗaya, Mushe ya ce su ke cinye musu balo, ƙaya ɗaya ta shiga shikenan sai wajen mai faci.

Rabon takalmi ya so ya zama faɗa, yara sun fi 40 takalmi bai kai 20 ba, Mushe ya ce yau 'yan aji shida, gobe 'yan aji biyar, ya rubuta a kaye. Abin dariya, wanda suka ce ya fi kowa iyawa yana sa takalmin ya kasa gudu, balo ta zo ya shure ƙasa, minti kaɗan ya zauna ya cire ya miƙa wa ƙaninsa ya koma da ƙafarsa, nan take ya ci. Mayon ne ya fi tafiya da su, wani ya kai masa gwiwa amma ko a jikinsa, sai juyawa yake a ga lamba. Na tambaye su wa ya san Musa Maazu, shiru, amma Mbappe da Yamal kowa ya sani. Mushe ya tsayar da su ya ba su labarin 2010 da Mena, ekip ɗin ƙasarmu, ta ci Masar 1 da 0 a Yamai, Maazu ya zura, Masar ɗin da ke riƙe da kofin Afirka a lokacin, har muka je gasar 2012 karo na farko muka sake zuwa a 2013. Suka saki baki. 'Yan mata na can gefe da tallan gyaɗa suna kallo, wata ƙarama ta ce Mushe mu fa? Ya ce zai ware musu balo ɗaya lokacin motsa jiki, ban sani ba ko ya faɗa ne don ta yi shiru.

Sai bayan isha'i na shigo gida, Yaya ya kira yana ta ɗoki a turo hoto ya nuna wa mutanen kulob. Na tura, na ce Yaya a yi musu godiya sosai, amma in za a sake a tambaye mu tukuna. Balo lamba 4 da 5 ko nawa ne, famfo da allura, takalmi daga 39 zuwa ƙasa mai haƙoran roba, usur, mayon yara wanda ba giya ba caca a ƙirji. Masu ƙarfen nan su bar su can inda ciyawa take. Ya ɗan yi jim, ya ce ai kunya yake ji ya ce wa mai kyauta ga abin da zai bayar, na ce to gara kunyar da a biya kuɗin jirgi a kan abin da zai kwana a zauren Kawu. Ya ce in rubuto masa a WhatsApp shi zai juya musu da Faransanci.

Manyan takalman Kawu ya ce a nemi ekip ɗin samari na Garin Malam ko Kara-Kara, su ƙafarsu za ta cika. Gobe in Allah ya kai mu zan kai jan mayon wajen tela in ji nawa zai ce.