Man keken ɗinki ya kusa kashe min injin motar rimot

Har yanzu in na tuna raina yakan ɓaci, don ni na jawo wa kaina. Yayana ne ya kawo wa ɗana motar daga Dubai, mai inji lamba 540 da batir mai bolt 7.2, amma maganar gaskiya na fi yaron wasa da ita. Duk hunturun bana a filin ƙwallon unguwa muke tsere da ita, har ta fara ja da ƙyar, injin yana zafi kamar dutsen guga.

Na kwance shi, na leƙa ta ramukan shan iska, sai ga baƙin gari danƙare a jikin maganaɗisu. Ashe ɓurɓushin ƙarfen da ke cikin ƙasa yake ta tsincewa. Na kakkaɓe da tsohon buroshin haƙori, na ciro sauran da salatif. Da na tsaya nan da shi ke nan. Sai zuciya ta raya min in ɗauko man keken ɗinkin maiɗakina, na tsiyaya ta ramukan nan, wai don ya yi santsi.

Ko minti biyar ba ta yi tana gudu ba na ji ƙauri, sai hayaki.

Wani dattijo mai riwaya, wato gyaran naɗin wayar injinan lantarki, a bakin titinmu ya juya injin a hannu, ya sunsuna, ya dube ni. "Alhaji, wa ya ce maka ana ba amecha mai?" Ya nuna min zoben jan ƙarfen da ke jikin amecha, wato ɓangaren da ke juyawa a cikin injin, wanda wasu ƴan gawayi biyu ke gogawa. Ta nan wuta ke wucewa, dole wurin ya zama a bushe. Man da na zuba ya haɗu da ƙura da garin gawayin ya zama kwaɓaɓɓe, ya cike tsagogin zoben, wuta tana ta tartsatsi. Ya yi ta fesa masa maganin wanke kayan lantarki har ruwan da ke fita ya daina baƙi, muka bar shi ya bushe. Sannan ya ɗiga mai a bakin sandar da ke juyawa a tsakiyar injin, ɗigo ɗaya gaba, ɗaya baya. Ɗigo biyu kacal, ni kuwa na zuba kusan rabin cokali!

Motar ta tashi, sai dai ƙarfinta bai dawo kamar da ba, kuma injin irin rufaffen nan ne da ba a canza masa gawayi cikin sauƙi. Yanzu duk muka dawo daga fili sai na hure ƙurar kafin in ajiye ta. Kwalbar man kuwa, maiɗakina ta kulle ta a durowa.