Abin da na kwaso daga sashen fitar da kaya kafin na ajiye aiki

Na ajiye aiki a kamfanin nan namu na sassan ƙarfe da ke Hamilton a Kanada, waɗanda muka yi zaman Ontario tare sun san wurin, sun kuma san ogan sashenmu, ba sai na kama suna ba. Tunda wasu ƙannenmu na ta tambaya ta yaya aikin yake, bari na faɗi abin da na gani.

A watan Nuwamban 2024 da Trump ya ci zaɓe ya fara barazanar ɗora harajin kashi 25 kan kayan Kanada da Meziko, na zauna na rubuta rahoto. Maganar ciki ba ta da wuya: kusan duk kwastomominmu a Michigan da Ohio suke, alhali tun 2017 akwai yarjejeniyar CETA tsakanin Kanada da Tarayyar Turai wadda ta cire haraji kan kusan kashi 98 na nau'ukan kaya, mu kuwa ko kwantena ɗaya ba mu taɓa turawa can ba. Na ba da shawarar mu fara neman masu saye a Jamus da Holan tun kasuwar Amurka na lafiya.

Wallahi har yau ina ganin yadda ya riƙe takardar da yatsu biyu a gaban kowa a mitin, ya juya shafin farko kawai ya ajiye, ya ɗora kofin kofinsa a kai. Wai mutanen Detroit abokanmu ne tun zamanin ubansa, wai akwai CUSMA, yarjejeniyar ciniki tsakanin Kanada da Amurka da Meziko, da Trump ɗin da kansa ya sa wa hannu, sannan ya yi 'yar dariya ya ce ya gane tsorona, tunda na fito daga inda gwamnati ba ta cika alkawari. A takardar auna ƙwazo ta ƙarshen shekara kuma ya rubuta cewa ina ɓata lokaci kan abin da ba a sa ni ba.

To ranar 12 ga Maris 2025 harajin kashi 25 kan ƙarfe da alminiyum ya fara aiki, 4 ga Yuni aka ninka shi zuwa 50, kuma CUSMA ɗin da yake tinƙaho da ita ba ta kare ƙarfe ba don da hujjar tsaron ƙasa aka ɗora harajin. Oda ta tsaya cak, aka sallami 'yan aikin dare, mutane masu iyali da bashin gida a wuya. Sai ga rahotona ya fito daga durowa, an canza kwanan wata an canza suna, har da ɗan kuskuren rubutun da na yi a shafi na uku yana nan, aka kai gaban daraktoci ana ta yaba wa oga hangen nesa.

Amma fa ba a fafe gora ranar tafiya. Bajamushe ba zai sayi ƙarfenka don yana tausayinka ba, zai nemi takardar shaidar inganci ta ma'aunin Turai, zai ce awo da milimita yake so ba inci ba, sai ka tura samfur ya gwada ya yi shiru wata da watanni. Tirelar da muke lodawa da safe ta tsallaka gadar Ambassador ta sauke a Detroit kafin dare, yanzu kwantena ce sai ta bi ta Montreal ta yi makonni kafin ta ga Rotterdam, kuɗinka na kwance a ruwa.

Gwamnatin Kanada ma gudun da muke yi shi take yi, sai dai ita tana da jirgi da 'yan jarida. Mark Carney da ya zama firaminista a watan Maris, Faris da Landan ya fara zuwa, ba Washington ba, ya sa a sake duba cinikin jiragen yaƙin Amurka F-35 guda 88, ya ƙulla maganar na'urar rada ta yankin Arctic da Ostiraliya, 23 ga Yuni ya sa hannu kan ƙawancen tsaro da Tarayyar Turai a Brussels, a Satumba kuma yarjejeniyar ciniki da Indunisiya. Ni ban ga laifinsa ba, wanda ake ce wa ƙasarsa ta zo ta zama jiha ta 51 a Amurka dole ya nemi wasu abokai. Sai dai kusan kashi uku cikin huɗu na kayan da Kanada ke fitarwa Amurka suke zuwa, sa hannu a Brussels ba ya kawar da wannan a shekara ɗaya, kuma kwangilar makaman Turai in ta zo kamfanin da takardunsa suka riga suka kammala ne zai ci.

Sauran kam ƙanana ne. Duk shawarar da za ku bayar ku tura ta imel, ku sa wani babba a kwafi. Ku koyi karanta lambar kaya ta kwastan da kanku, kar ku dogara da ejan. Kar ku yi musu da oga a gaban mutane ko da kun fi shi gaskiya, shi zai rubuta takardarku.

Yanzu ina Montreal wajen wani kamfanin jigilar kaya zuwa Turai, albashin ma ya fi. Shekaranjiya tsohon ogan nawa ya turo min saƙo yana neman lambar wani mai saye a Hamburg da na taɓa magana da shi, har da "ɗan'uwa" a farkon saƙon. Na karanta, ban ba shi amsa ba tukuna.