Tarihin Rayuwata (Kashi na 9): Jakar Ruwa a Hantar Baba

A makon jiya na tsaya ne a lokacin da Baba ya daina zuwa kasuwar Mai'aduwa sayen dabbobi, saboda nauyin da yake ji a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. An sha jiƙe-jiƙen shawara babu sauƙi, har yayana ya matsa muka bar Daura zuwa Katsina, aka yi masa hoton ciki.

Likitan ya nuna mana wani baƙin zagaye a cikin hanta, sannan ya ce, "Baba, akwai karnuka a gidanku?" Baba ya ce akwai na farautar yara. Da likitan ya ji kuma cewa fawa muka gada, sai ya tambayi yadda muke yi da hanta ko huhun da muka tarar da ƙullutun ruwa a ciki. Wannan kuwa kowane mahauci ya san shi, musamman a huhun raƙumi da hantar tsohuwar tunkiya, kuma abin da muka saba shi ne a yanke wurin a jefa wa kare.

Ashe nan gizo ke saƙar. Ƙullutun nan cike yake da 'ya'yan wata tsila, wadda idan kare ya ci take girma a hanjinsa, tsawonta bai wuce milimita 7 ba. Ƙwayayenta suna fita a kashinsa, su maƙale a gashinsa, ko su shiga ruwa da ganye. Mutumin da ya haɗiye su, tsutsar kan ratsa hanjinsa ta bi jini ta zauna a hanta, wani lokaci a huhu, ta yi jakar ruwa mai girma a hankali tsawon shekaru ba tare da alama ba. Cin naman ba ya kawo wa mutum wannan cuta, abin da Baba ya daɗe bai yarda da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 1 ne ke ɗauke da cutar.

An fara ba Baba maganin tsutsa mai suna albendazole kafin tiyata, domin idan jakar ta fashe a ciki, ruwanta na iya sumar da mutum nan take, 'ya'yan kuma su bazu su kafa sababbin jakunkuna. Kafin mu koma Katsina, Baba ya sa an haƙa rami a bayan kwata don binne lalatattun kayan ciki, sauran mahauta suna yi masa dariya. Yadda aikin ya kasance, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.